Motar Manya a Bakin Kanal: Yadda Ɓera Ya Kusa Cinye Min Buhu 25

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta barinsu su saurara, da waɗanda suke inda sabis yake wasa da hankalin mutum.

Yau ba mu da baƙo. Labarin kaina zan ba ku, kuma labari ne da ban fita kunya a cikinsa ba, don haka ku yi dariyarku ku more, amma ku ɗauki darasin.

Wanda ya san ni ya san abu biyu nake yi: noman shinkafa da son mota. Na farkon gado ne, na biyun kuma jarabta ce. Gidanmu yana Kura, gonakinmu suna ɓangaren Bunkure, a cikin filin noman ranin nan da yake shan ruwa daga madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974. Mahaifina tun yana saurayi yake noma a bakin kanal ɗin nan. Ni kuma da Allah Ya buɗa min, a 2021, sai na je na ɗauko abin da na daɗe ina mafarki: Mercedes-Benz ML350 ƙirar 2013, tokumbo daga Amurka, silinda 6, giya 7. Ranar da na shigo da ita gida Baba ya zagaya ta sau ɗaya, ya ce, "Allah Ya sanya alheri. Buhu nawa take ɗauka?" Na ce, "Baba, ai ba ta ɗaukar kaya ba ce." Ya ce, "To, ashe ita za a riƙa ɗauka." Na yi dariya a lokacin. Daga baya na gane karatun.

To, mu je kan abin da ya faru. Watan Nuwamba na 2023, ana tsakar yankan shinkafar damina. Kun san shekarar ce aka cire tallafin mai, tun 29 ga Mayu, kowa yana lissafin lita kafin ya murza makulli. Sai na ce bari na huta da sayen fetur. Na ajiye motar a gefen sito ɗinmu na can gona, inda muke jibge shanshera, na koma hawa babur. Kwana 12 ban ko leƙa ta ba.

Ranar da na dawo zan shiga Kano, na tayar da ita, ta yi wani nishi kamar ba za ta tashi ba, sannan ta kama. Ina kallon allon gabana sai ga fitilu sun kunno kai kamar gidan biki: ta inji, ta ABS, ta ESP, ga rubutu yana ta wucewa. Na ce ƙila za su ɗauke. Na hau hanya. Ina taka totur inji yana ihu, mota ba ta gudu, giya ta maƙale wuri ɗaya ta ƙi sauyawa. Wallahi mai Keke Napep ɗauke da kwandunan tumatir sai da ya wuce ni yana waiwaye.

A haka na lallaɓa wajen wani bakanike, ba zan faɗi inda yake ba. Ya zagaya da ita, ya dawo ya kashe, ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, giya ta tafi." Na kira mai wayarin, ya jona 'yar na'urarsa, lambobi suka zubo masa sun fi 20. Ya girgiza kai ya ce, "Oga, ba giya ba ce, ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone. Sai an sako wata." Na buga waya Ƙofar Ruwa na ji farashi. Ko wanne na bi a cikin biyun, da kuɗin kaya da kuɗin aiki, lissafin ya kama buhun shanshera 25.

Ku tsaya ku ji abin da buhu 25 yake nufi a wannan watan. Lokacin kaka ne, kowa ya fito da shinkafarsa, farashi yana ƙasa. Kuma wannan shinkafar ita ce jarin rani: kuɗin haro, kuɗin iri, kuɗin taki, kuɗin masu dashe. Alkama ba ta jira, sanyin hunturu take so, in ka makara da shuka har zafi ya riske ta tana fitar da kai, ka yi asara. Ga mutum 8 da suke aiki da ni, kowanne da iyali. Amma saboda son mota, da kunyar kada a ce ta gagare ni, har na yi magana da dillali ya zo da safe ya auna.

Da daddare na je gaida Baba, na ba shi labari. Ya bar ni na gama tsaf. Sai ya ce, "Ni ban san mota ba. Amma in ka wayi gari ruwa bai shigo gonarka ba, Tiga kake tafiya ka ce dam ya fashe?" Na ce, "A'a Baba." Ya ce, "Me kake yi?" Na ce, "Kanal nake bi da ƙafa, daga bakin gona in yi sama, har in ga inda ya toshe." Ya ce, "To ita motar ka bi kanal ɗinta?"

Jama'a, wannan tambayar ita ce shirin yau gaba ɗaya.

Bari in yi muku bayanin yadda motar zamani take, don ku ga Baba bai yi kuskure ba. Motocin da, irin su Fijo 504, ƙarfe ne da waya ƙalilan. Bakanike yana jin ƙarar inji ya gaya maka ciwon. Motar yanzu kuwa ƙananan kwamfutoci ne a cikinta birjik: ta inji daban, ta giya daban, ta birki daban, ta ƙofofi da fitilu daban. Dukkansu suna hira da juna ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare, tsarin da ake kira CAN, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya fito da shi a 1986, Mercedes kuma ta sa shi a babbar motarta S-Class tun 1991. Kamar dai yadda ruwa yake barin Tiga ta babban kanal, ya rabu rassa, ya shiga ƙananan hanyoyi har ya iso fangalinka. In kachala ta toshe wuri ɗaya a sama, gonaki 50 na ƙasa za su yi kukan ƙishi, alhali matsalar ɗaya ce. Haka mota. Abu ɗaya zai lalace, kwamfuta biyar su yi ƙara.

Washegari na ba dillali haƙuri. Na fara bin kanal daga tushe, wato batir. Na ɗauko 'yar mitar auna wuta, irin ta masu gyaran rediyo. Ku riƙe waɗannan lambobin, za su yi muku amfani: lafiyayyen batir, mota a kashe ta huta, yana nuna wajen 12.6. In ya sauko 12.0, ya yi rauni sosai. In inji yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5, alamar altaneta tana caji. Nawa 11.8 ya nuna. Batirin da motar ta zo da shi ne daga Amurka, ban taɓa tambayar shekarunsa ba, ga zafin garin nan da yake cin batir, ga kwana 12 a ajiye. Motar zamani ko a kashe take tana ɗan tsotsar wuta. Kuma kwamfuta in wuta ta yi mata ƙaranci sambatu take yi, kamar mai zazzaɓi. Ta rubuta laifin da babu shi, giya ma ta kulle kanta a wuri ɗaya don kare kanta. Wannan maƙalewar da na gani ba mutuwa ba ce, kariya ce da aka gina a cikin motar, don ka lallaɓa zuwa gareji ba tare da ka ƙarasa ta ba.

Na sayi sabon batir irin wanda aka rubuta mata, AGM, ba irin na ruwa da ake sa wa kowace mota ba. Sannan na nemi wani matashi a Kano mai babbar sikana da take shiga kowace kwamfuta ta motar. Nan ma akwai abin lura. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana ce mata OBD2. Ƙaramar sikana ta araha da ake haɗawa da waya tana karanta lambobin inji, masu farawa da P. Amma na birki da ƙafafu masu farawa da C, na jikin mota masu B, da na hirar kwamfutoci masu U, yawanci sai babba. Yaron nan ya fara ɗaukar hoton duk lambobin, sannan ya goge su, ya ce, "Yaya, mu zagaya mu ga wanda zai dawo." Muka zagaya. Giya ta saki, tana shiga lafiya lau. Cikin lambobi sama da 20, ɗaya tak ya dawo: sansar da take auna gudun tayar gaba ta dama ba ta aiko da saƙo.

Da wani ne, nan take zai ce a sayo sabuwar sansa. Shi kuwa ya ce a cire taya. Muka cire, muka ɓalle robar da take rufe saman tayar, ya haska fitila. Wayar sansar ce a gwaigwaye, saura silin tagulla biyu suke riƙe da ita, ga kashin ɓera a wajen. Muka buɗe gidan filtar iska, sai ga gida guda: ɓuntun shinkafa, zaren buhu, tsumma, har da ajiyar shanshera ta maigidan. Wato duk kwanakin da nake gona ina yanka, shi ma yana nasa girbin a cikin motata.

Aka haɗa waya, aka yi mata dalma, aka rufe ta da kyau, aka sa sabuwar filta. Batir ya ci kuɗin buhu 4. Aikin waya da filta da sallamar yaron ba su kai buhu 2 ba. Giyar da aka ce ta tafi, ita nake hawa har yau.

Ban ce kanikawan farko macuta ba ne. Na farkon da kunne ya koyi aiki, a kan motocin da kunne yake isa. Na biyun yana da na'ura amma bai san lamba ba hukunci ba ce. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: wa ya aike ni ajiye mota a jikin sito lokacin kaka?

To ga abin da nake so kowane mai irin motar nan, ko mai shirin saye, ya riƙe.

Na farko, lambar da sikana ta nuna ba ta ce ka je ka sayo kaya ba. Unguwar da ɓarawon yake ta nuna maka, ba gidansa ba. Misali, P0171 yana nufin iska ta fi mai yawa a ɓangare ɗaya na inji. Sau da yawa sai a ce maka sansar salansa ce, ka saya, fitila ta dawo. Alhali ƙila wata roba ce ta tsage tana shan iska, ko famfon mai ne ya gaji. P0300 yana nufin inji yana tsallake wuta, zai iya zama fulogi, ko koyil, ko gurɓataccen mai. Ka tambayi bakanike, cikin ladabi, "Malam, me ka auna da ya nuna maka wannan ne?" In amsarsa ita ce "haka suke yi," ka nemi ra'ayi na biyu. Kuma kada ka bari a goge lamba kafin ka ɗauki hotonta. Fitilar inji in ta tsaya cak, kana iya lallaɓawa gareji. In tana ƙiftawa, ka sauka gefen titi ka kashe.

Na biyu, ƙura. Mu nan muna shan ƙura kala uku: ta hunturu, ta hanyoyin gona, da ƙaiƙayin casa. Littafin motar an rubuta shi ne da titin Turai da Amurka a rai, inda ake cewa a sauya baƙin mai bayan mil 10,000 ko shekara guda. Ku lura, mil ne, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Ni a nan ba na wuce kilomita 5,000 zuwa 6,000. Filtar iska kuwa duk wata nake buɗewa in duba, lokacin casa duk sati biyu. Baƙin man ma ba kowanne ba. Tawa tana son wanda aka rubuta MB 229.5 a jikin galan ɗinsa. Ka je da kanka ka saya a wurin da ka yarda da shi, ka tsaya a zuba a gabanka, don jabu ya yi yawa a kasuwa. Araha ba ta ado.

Na uku, ruwa. Mu da muke zaune a bakin kanal mun raina ruwa. A irin motata batir a ƙarƙashin kujerar mai zaman banza yake, ga wayoyi shimfiɗe a ƙarƙashin kafet. In ruwa ya shiga ƙasan motar ya kwana, bayan wata biyu za ka fara ganin abin mamaki. Da damina in ka iso inda ruwa ya shanye hanya, ka tsaya ka ga wata motar ta wuce tukuna. In kuma tsautsayi ya sa ta mutu a tsakiyar ruwa, don Allah kada ka sake tayarwa. Inji in ya zuƙi ruwa, murza makulli ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarfen cikinsa. A turo ta waje, a duba. Haka masu wankin mota da injin ban ruwa a bakin kanal: su wanke jiki da ƙafafu, laka ta fita, amma ban yarda a buɗe bonet a saita bututu a kan inji ba. Lagireto kuma ba a zuba masa ruwan kanal. Ruwan sanyaya inji na musamman ake sawa, shi yake hana tsatsa, kuma ya fi ruwa zalla jure zafi.

Na huɗu, fetur. Injin nan yana fesa mai kai tsaye cikin silinda da ƙarfi sosai, ramukan fesawar ƙanana ne ƙwarai, ɗan datti ko ruwa ya ishe su. Kun tuna Fabrairun 2022, da aka shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka yi ta lalacewa a ƙasar nan. Ni ba na sayen man 'yan bumburutu sai dole ta kama, kuma ba na barin tanki ya sauka ƙasa da kwata, saboda famfon mai a cikin tanki yake, man ne yake sanyaya shi.

Na biyar, abubuwa uku da za a ce maka "a cire kawai, ba su da amfani a ƙasar zafi." Kada ka yarda. Ɗaya, tamostat: shi yake riƙe inji a zafin da aka tsara masa, in babu shi kwamfuta tana ganin inji bai yi ɗumi ba ta yi ta ƙara mai. Biyu, abin cikin salansa da ake ce wa indomi: yana tace hayaƙi, kuma akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa irin su filatinam, shi ya sa wasu suke son "taimaka" maka su cire. Uku, cire kan batir inji yana aiki wai don a gwada caji. A tsohuwar mota an sha yi an kwana lafiya. A motar zamani hanya ce ta ƙona kwamfutar da a da lafiyarta ƙalau. Mita ce take wannan aikin.

Sai man giya. Giya 7 ta irin shekarar motata shuɗin mai take sha, mai lamba 236.15. Na shekarun baya ja suke sha. Ba a haɗa su, kuma ba ta da sandar dubawa, don haka ba aikin kowane gareji ba ne. Man birki duk shekara 2. Taya kuma ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: in ka ga 2319, sati na 23 ne na 2019. Tayar tokumbo tana iya zama da zane raɗau amma ta tsufa, titin Kano zuwa Zariya da rana tsaka a watan Afrilu ba ya yi wa tsohuwar taya uzuri.

Maganar ɓera kuwa, yanzu mota ba ta kwana kusa da sito. In zan bar ta, duk kwana uku ana tayar da ita a zagaya da ita, ba a bar ta tana aiki a tsaye kawai ba. Ba a cin gyaɗa ko biskit a bar ɓurɓushi a ciki. Duk sati ina buɗe bonet in haska fitila. Kuma na samo kyanwa biyu na kai gona, su ne ma'aikatan da ba su taɓa neman ƙarin albashi ba.

Kafin mu rufe, ga wata magana ta tsakani da Allah ga matasa 'yan uwana. Na san yadda abin yake, ka sayar da tumatir a Kwanar Gafan kasuwa ta yi kyau, ko shinkafa ta yi albarka, zuciya ta ce sai ka hau abin da za a kalla. Ban hana ka ba, ni ma na hau, kuma har gobe in na ji ƙarar injin nan da asuba raina fari yake yi. Amma kuɗin saye shi ne ƙaramin kuɗin da za ka kashe wa motar manya. Noma kuma ba shi da alƙawari. Waɗanda suka ga 2016, shekarar da tsutsar nan ta cinye tumatirin Kadawa da kewaye, sun san mutum yana iya kwana da jari ya tashi babu. Dokar da na sa wa kaina bayan abin nan ita ce: asusun mota daban, asusun gona daban. Duk kaka ina ware wa mota nata. In ya ƙare kafin shekara ta zagayo, ta zauna a rumfa in hau babur, ba wanda ya taɓa mutuwa don an gan shi a kan babur. Kuɗin taki ba ya shiga gareji.

Alkamar shekarar nan dai mun shuka ta a kan lokaci, yarana 8 ba wanda na sallama. Da na koma na gaya wa Baba cewa ɓera ne, bai ce komai ba sai da ya gama alwala. Sannan ya ce, "Buhu 25 saboda ɓera ɗaya. Ko a sito bai taɓa yi min ɓarnar haka ba."

A shiri na gaba, in Allah Ya kai mu, za mu yi magana a kan abin da ya kamata ka duba kafin ka biya kuɗin tokumbo, musamman yadda ake gane motar da ambaliya ta taɓa shanyewa a can kafin a loda ta a jirgi. Wanda yake da ɗan uwa mai shirin sayen mota, ya tura masa wannan tun kafin ya kira dillali.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa albarka a gonakinmu. Sai mun sake haɗuwa. Wassalamu alaikum.